Taragon Ƙarshe

Shekarar da ƙaninmu ya rasu, ba a ce mana ya rasu ba. An ce mana jirgi ne ya tafi da shi.

A lokacin jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Gombe ba, mutane ba su ma gama mamakinsa ba. Idan ya yi kuka daga tasha har cikin gidanmu a Jekadafari ake ji, tsofaffi su yi salati, yara mu fita da gudu. Duk wanda aka daina gani a unguwa sai a ce ya bi jirgi. Saboda haka Goggo, yayar Babanmu, wadda ta zo daga ruga don taya Inna jinya, ba ta sha wahalar neman abin da za ta gaya mana ba.

Ƙyanda ce ta kama shi yana tsakiyar koyon tsayuwa. Yadda yake yi shi ne ya rarrafo zuwa ƙafar mutum, ya cafki bakin zane, ya ɗan ja don ya ji ko zai ɗauke shi, sannan ya sake dukan nauyinsa a kai ya miƙe. Ya sha kwance wa Inna zane a bakin turmi. Amma ƙanwata ya fi bi, don ita ce daidai shi, kanta bai wuce tsayin turmin ba. Yarinya ce mai surutun tsiya, Goggo aku take ce mata. Tun daga tashi barci take ba shi labari har rana ta faɗi, shi kuwa yana riƙe da zanenta yana dalalar da miyau.

Ranar da abin ya faru, da hantsi maƙwabciyarmu ta shigo ta kama hannayenmu ta kai mu gidanta, ta zuba mana masa da miya. Ni na zauna na ci na ƙoshi. Ƙanwata ba ta taɓa ba. Ta je ta manna fuskarta a jikin zanar da ta raba gidan da hanya, ta daɗe a tsaye. Na ɗauka awaki take kallo.

Da aka mayar da mu gida mun tarar da tabarmi a tsakar gida, mata zazzaune, ga ƙanshin turaren wuta. Inna na gefe, idonta a bushe. Mu Fulanin gari ne, yaren ya fara kuɓuce mana amma kunyar tana nan daram, kuma Inna ba za ta yi kukan ɗa a gaban yayar mijinta ba ko da zuciyarta za ta fashe. Ƙanwata ta leƙa ɗaki ta fito, ta ce, "Ina yake?"

Goggo ta ce, "Jirgi ya tafi da shi. Zai dawo."

Ƙanwata ta juya wajen Inna. "Haka ne, Inna?"

Inna ta dubi ƙasa ta ce, "Kin ji abin da Goggonki ta ce."

Daga wannan ranar ba a sake jin muryar ƙanwata ba. Tana ci, tana sha, idan aka aike ta ta je, amma ko tari ba ta yi da ƙarfi. An ba ta rubutu, an yi mata hayaƙi, an kai ta asibiti aka haska kunnenta da maƙogwaronta aka ce lafiyarta ƙalau. Daga ƙarshe Goggo ta ce iskar gari ce ba ta karɓe ta ba, a ba ta ita idan kaka ta yi su tafi ruga, can akwai nono, akwai kuma wani tsoho da ya san kan irin wannan. Baba ya ce to, idan har kaka ta yi ba ta yi magana ba, su tafi.

Ni na san abin da wannan ke nufi. Akwai 'yar baffanmu da aka ba Goggo riƙo, aka ce na ɗan lokaci ne, da muka sake ganinta ta manta Hausa, ta manta mu. Tabarma ɗaya muke kwana a kai da ƙanwata, ƙwarya ɗaya muke sha. Jirgi ya ɗauke mini ɗaya, yanzu Goggo za ta ɗauke ɗayar. Tsoron da na ji ke nan, kuma ba wanda ya tambaye ni.

A cikin wannan hali aka sa mu makarantar Malama. Matar wani ma'aikacin jirgi ce, kirista, 'yar Tangale daga wajen Kaltungo, ta taɓa koyarwa a firamare kafin ta yi aure. Mijinta na sayen yadi a rumfar Baba a Kasuwar Gombe, shi ya ba Baba shawara ko shiga cikin yara zai sake wa yarinyar baki. A tsakar gidanta take tara mu, ƙarƙashin wata rumfa kusa da bishiyar dogon yaro, mu da hannunmu bai isa ya zagaya kai ya taɓo kunne ba, wato ba a karɓarmu a firamare tukuna. Da safe muna can, da yamma muna makarantar allo.

Makarantar wasa mutanen unguwa ke ce mata, kuma ba yabo suke nufi ba. Babu benci, babu bulala, babu littafi. Goggo ta ce ita tunda take ba ta taɓa jin an kai yaro wajen wata don ya koyi wasa ba, wasa ai da shi ake haihuwar yaro. Amma a can na koyi ƙirga da 'ya'yan tsamiya, na koyi baƙaƙe ta hanyar murza laka in lanƙwasa ta. Har yau idan na rubuta baƙin farko na sunana ina jin sanyin lakar nan a yatsuna. Jikokina yanzu ana ɗora musu jaka ta fi su nauyi tun ba su daina fitsarin kwance ba, su dawo da aikin gida, kuma idan na yi magana a ce ni tsohuwa ce. Malama tambaya ɗaya gare ta, kowane wasa muka kawo sai ta tsuguna ta ce, "To, yaya ake yi? Ku nuna mini."

Wasan da muka fi so shi ne jirgi. Mu jeru, kowa ya riƙe rigar na gabansa ko zanensa, na gaba shi ne direba, shi ke kukan jirgi. Mai tikiti ya raba wa kowa ganyen dogon yaro ɗaya. Tashoshinmu su ne gindin bishiya, bakin randa da akurkin kaji. A kowace tasha Malama na jira, ta ce yau jajayen kaya kawai ake saukewa, ko ta tambayi awaki nawa suka hau, nawa suka sauka, nawa suka rage. Na can baya shi ake ce wa taragon ƙarshe, shi ke riƙe jan ƙyalle yana kaɗawa. Saboda ƙyallen nan har dambe ake yi a kan wurin.

Ba mu daɗe da shiga ba aka daina damben. Wata yarinya, 'yar malamin asibiti, ita ta fara tsayawa a tsakiyar tafiya ta ce, "Malama, ana jan mini riga." Aka duba, ba kowa a bayanta. Malama ta tsuguna ta laluba rigar ko ƙarangiya ce, ba ta sami komai ba, ta ce wataƙila reshe ne. Babu reshe a wurin, fili ne fetal da aka share da safe. Washegari wani yaro ya faɗi haka, ya jefar da ƙyallen ya koma jikin Malama. Kafin wani lokaci idan aka ce a jeru sai kowa ya ruga tsakiya.

Ni kuwa tun ina ƙarama bakina ya fi ni girma. Na ce duk matsorata ne, na ɗauki ƙyallen na tsaya a baya. Rana ta fito sosai, ana jin masu tallan nono a waje, wata mata na shanya a gidan da ke kusa. Muka wuce bishiya, muka doshi randa. Sai na ji an kama bakin zanena ƙasa da gwiwa, an ɗan ja, an saki. Sannan aka sake kamawa, aka sake nauyi a kai, irin nauyin wanda ke son miƙewa. Na san wannan jan. Ban juya ba, ban kuma gaya wa kowa ba, tsayawa kawai na yi har jirgin ya tsinke ya bar ni.

Ƙanwata ta fito daga cikin layi, ta zo ta zare ƙyallen daga hannuna, ta tsaya a wurin.

Tun daga ranar ita ce taragon ƙarshe, ba mai yi mata gardama. Idan mai tikiti ya ba ta ganye sai ta bar hannunta a miƙe har ya ƙara mata na biyu. Tafiyarta ta koma a hankali, taku ƙanana, idan direba ya yi sauri sai ta kafe ƙafa, dole jirgin duka ya rage gudu. A kowace tasha sai ta juya ta dubi ƙasa a bayanta, ta jira kaɗan, sannan ta sake kama rigar na gaba. Na sha ba da labarin nan, masu ilimi suna ce mini tunanin yara ne, wai ɗaya ya faɗa saura suka ɗauka. Su suka sani. Ni dai na ga bakin zanenta a miƙe ta baya, ranar da ko ganye ba ya motsi.

Malama ba ta hana wasan ba, ba ta kuma hana ganye na biyu ba. Kallo kawai take yi. Wata rana ta kira ni gefe muna wanke hannu, ta ce, "Wa ƙanwarki take yankar wa tikiti?"

Na ce, "Ƙaninmu. Jirgi ya tafi da shi, zai dawo."

Ta san abin da ya faru, mijinta har gaisuwa ya je wa Baba. Ta ce, "Ke kin yarda?"

Na ce, "Goggo ce ta faɗa."

Da yammacin ranar ta zo gidanmu. Aka shimfiɗa mata tabarma a ɗakin Inna, ni na laɓe a bayan asabari. Bayan gaisuwa ta ce, "Maman yara, yarinyar nan wani take jira. Ina ganin da za a gaya mata gaskiya, da ta huta."

Goggo ce ta amsa. "Malama, mun gode da kulawa. Amma mu a wurinmu ba a gaya wa yaro mutuwa. Idan ya girma zai sani da kansa."

Malama ta ce, "To, Goggo. 'Yarku ce, tunda kun hana ba zan gaya mata ba. Amma idan ta tambaye ni da bakinta, ni ba zan ce mata jirgi ba."

Goggo ta yi 'yar dariya ta ce, "Allah ya sa ta tambaya da bakin."

Ruwa ya ɗauke, aka fara shigo da sabon gero kasuwa. Goggo ta fara ɗaure kayanta. Ta sa aka sayo wa ƙanwata takalmin roba da 'yar ƙwarya sabuwa, ta ajiye su a kan kayan inda kowa zai gani. Na roƙi ƙanwata, na yi mata alkawarin 'yar tsanata, na tsunkule ta ko za ta ce wayyo. Ta dube ni kawai, hawaye na zuba, bakin a rufe.

Ana saura kaɗan su tafi, muka je makaranta da safe muka tarar da ɗan tsako ya mutu a bakin akurki, tururuwa har sun fara hawansa. Muka kewaye shi. Wata yarinya da kakanta bai daɗe da rasuwa ba ta ce, "A binne shi."

Kowa ya san wannan wasan ba a yinsa. A gidajenmu yaron da aka kama yana wasan gawa sai ya sha duka, ana cewa yana kiran mutuwa cikin gida. A gidajen kiristocin ma haka ne, kuma Malama ta fi mu sani. Ta riga ta ɗauko tsintsiya za ta kwashe shi ta kai juji. Sai ta ga ƙanwata ta tsuguna a gaban ɗan tsakon tana kore masa tururuwa da tsinke. Malama ta tsaya da tsintsiyar a hannu, na ga ta dubi ƙofar gida, ta sake duban yarinyar. Ta jingine tsintsiyar a jikin akurki, ta tsuguna ta ce, "To, yaya ake yi? Ku nuna mini."

Nan gardama ta tashi. Mu muka ce wanka ake yi masa a naɗe shi da farin ƙyalle, 'ya'yan kiristoci suka ce akwati ake sa shi a yi waƙa. Aka shirya a kan za a yi wankan da ƙyallen, su kuma su yi waƙarsu. Malama ta yago farin tsumma ta ba mu. Wasu suka haƙa rami a gindin dogon yaro da fasasshen kasko. Da aka naɗe shi, yara biyu suka kawo kara za su yi makara su ɗora a kafaɗa, yadda suke ganin manya na wucewa da ita.

"Ba haka ba."

Muryar ta fito a shaƙe, ban ma gane ta ba da farko. Ƙanwata ta miƙe, ta karɓi ɗan ƙunshin, ta shimfiɗa shi a kan hannayenta biyu a gaban ƙirjinta. Ta sunkuyar da kai, ta fara tafiya da dogon taku irin na babban mutum. Ban taɓa ganin an ɗauki gawar jariri ba, amma tafiyar na san ta, tafiyar Babanmu ce.

Ta ce, "Haka Baba ya ɗauke shi. Na gani ta cikin zana."

Ta tsaya a bakin ramin, ta ɗaga kai ta dubi Malama. "Ba jirgi ba ne?"

Malama ta ce, "Ba jirgi ba ne."

"Zai dawo?"

"Ba zai dawo ba, 'yata. Yana wurin Allah."

Ƙanwata ta gyaɗa kai. Ta sa ɗan tsakon a rami, ta ce wa masu haƙa ramin bai yi zurfi ba, kare zai tone, su ƙara. Suka ƙara. Ba ta yi kuka ba. Ashe duk watannin nan ta san abin da idonta ya gani, manya kuma duk sun haɗa baki sun ce ba haka ba ne, har da Inna, sai ta rasa abin da za ta yi da bakinta.

Bayan an rufe ramin Malama ta ce a yi jirgi, don lokacinsa ya yi. Mai tikiti ya miƙa wa ƙanwata ganye biyu kamar kullum, ta ɗauki ɗaya ta shige tsakiyar layi. Jan ƙyallen na yashe a ƙasa. Ni na ɗauka. Na sassauta zanena na saki bakinsa har yana jan ƙasa, don kada ya yi masa nisa. Muka wuce bishiya, muka wuce randa, muka wuce akurki, muka sake zagayowa. Ba wanda ya ja. A nan na zauna a ƙasa na fashe da kuka, na ce wa Malama ba na sonta, ita ta kore shi. Ni ce na yarda da maganar jirgin, ni ce ke fita da gudu duk ranar da ya yi kuka a tasha. Malama ta zauna kusa da ni a cikin ƙasar har na gaji.

Muna isa gida ƙanwata ta wuce kai tsaye wajen Inna a bakin turmi, ta ce, "Inna, na ga Baba ya ɗauke shi. Ya rasu ko?"

Goggo ta saki ludayin da ke hannunta tana salati. Taɓaryar Inna ta tsaya a sama. Ta sauke ta a hankali, ta ce, "Ya rasu." Ban taɓa jin ta faɗa ba sai ranar.

Kafin la'asar labari ya gama unguwa, wai Malama na koya wa yara binne gawa. Masu zuwa masallaci da masu zuwa coci, waɗanda ba su cika haɗuwa a kan magana ɗaya ba, ranar bakinsu ya zo ɗaya. Kowa ya janye ɗansa. Baba ya je da kansa ya yi mata godiya, sannan mu ma ya cire mu, ya ce ba zai iya da bakin mutane ba. Har yau abin na ba ni haushi. Rumfar ta zama wurin shanya, daga baya aka yi wa mijinta canjin wurin aiki, ban sake ganinta ba.

Goggo ta tafi ruga ita kaɗai, da 'yar ƙwaryar a kan kayanta. Takalmin ta bar wa ƙanwata. Ƙanwata tana nan da ranta, ta yi jikoki, kuma idan ta kira ni a waya sai kunnena ya yi zafi ba ta gama ba.

Bayan tafiyar Goggo, wata rana da hantsi ina zaune a bakin ƙofar ɗaki, Inna na surfe. Sai na ga ta tsaya cak. Bakin zanenta ta gefen hagu ya miƙe, ya saki, ya sake miƙewa. Ba ta duba ƙasa ba. Ta sauke hannu ɗaya daidai gwiwarta, ta kife tafin kamar yadda ake dafa kan yaro, ta ci gaba da dakan da hannu ɗaya a hankali, ba ta motsa wannan ƙafar ba.

Ta ɗago ta ga ina kallonta. Ta ce, "Je ki ɗebo mini ruwa."

Na ɗauki kwano na tafi bakin randa, na yi ta nawa a can don kada in dawo musu da wuri.